Farin Layi a Wuyan Fata

Zuwa ga ƙanwata Malama 'yar Baffa,

Gaisuwa mai ƙafa huɗu da wutsiya daga cikin ganuwa zuwa gareku duka baki ɗaya: Baffa da kansa, ke, maigidanki da ban taɓa gani ba amma ance akwai tumbi, yara manya da ƙanana, maƙwabta na dama da na hagu, har kyanwar gida in kuna da ita. Mai gaisuwar nine yayanki Majemi, wanda in ya ɗaga kartaji, ƙarfen karce fata, gashin akuya ke zubewa da kansa don tsoro. Muna nan lafiya lau. Uwar yara lafiya, bakinta ma lafiya fiye da kima. Ni gwiwar dama ce ke ɗan ƙara in na daɗe a ruwan toka, amma ta hagu ta ishi mutum biyu.

Direba ya kawo min takardarki ina cikin rami, ruwa har cinya. Na goge hannu a wando na karɓa. Sau uku na karanta. Na farko ban gane ba, rubutunki ƙanana kamar sawun tururuwa. Na biyu na gane. Na uku na tara duk majema na karanta musu da ƙarfi don su san muma muna da malamar makaranta a dangi.

Kince ke 'yar Baffa ce, ɗan ƙanen kakana, baduku, wanda ya bar garinnan shekara arba'in da ɗaya da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ai basai kin gabatar min dashi ba. Ina ɗan shekara tara ya kama ni na zauna kan jar fatar da ya baza, ya ja min kunne. Har yau kunnen nan yafi ɗan uwansa tsawo, in kinzo zaki auna.

Kince ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, kuma yace kafin ya ajiye basilla yanaso ya ɗinka takalmi na ƙarshe, amma ba da fatar kamfani ba, da jimar gidan ubansa. Jar fatar akuya don sama, fatar sa don ƙasa. Duk wannan naji. Abinda ya tsaya min a wuya shine layin da kika sa a ƙarshe, wai Baffa yace "in akwai sauran wanda ya iya a gidan." In akwai saura! Malama, ki matsa kusa da kunnensa ki gaya masa akwai, kuma sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Ki gaya masa majema tana nan inda ya barta, bayan ƙaramar ƙofa, inda lungu ke matsewa har jaki mai kaya sai ya tsaya yayi tunani. Ramuka goma sha biyun da kakanninmu suka haƙa suna nan, biyar ke aiki, sauran kwaɗi sun tare a ciki da iyalansu. Kututturen da muke karce fata a kai shine dai na da, yayi santsi kamar goshin jariri. Dutsen bakin ramin bagaruwa ya lotsa daidai inda kowa ke sa ƙafa. Tsoho Mai Toka, abokin aikin mahaifina, yana nan, haƙori uku ya rage masa kuma duk ukun na zagi ne. Mutane har yanzu in zasu wuce sai sun toshe hanci, ni kuma sai in kalli ƙafarsu, duk mai toshe hancin fata ce yake takawa.

Gobe da kaina zanje mahauta. Akuya ja zan zaɓa wadda ko ƙaya bata taɓa karta ba, da sa mai ƙaton wuya. A jiƙa, a sa toka gashi ya saki, in karce, a sa kashin tattabaru tayi laushi, a wanke, sannan a kwantar a ruwan bagaruwa. Ta akuya kwana kaɗan ne. Ta sa kauri gareta, tana son wata biyu da ɗoriya tana sha a hankali. Baffa yasan wannan, ke nake wa karatu, yau nine malami.

Kiyi haƙuri da rubutuna, biro a hannuna kamar an ba raƙumi allura.

Yayanki,
Majemi

*

Zuwa ga Yaya Majemi,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da Uwar yara da Tsoho Mai Toka. Mu ma lafiya. Maigida ya ce wanda ya kai maka labarin tumbi bai faɗi rabi ba. Kyanwa ba mu da ita, na isar wa akuyar maƙwabta.

Takardarka ta yi sallama tun kafin a buɗe ta. Ina shigowa da ita Baffa ya ɗaga kai daga tabarma ya ce, "Wa ya zo daga gida?" Ya karɓa ya daɗe yana shinshinawa kafin ya bari in karanta. Da na kai zancen kunne ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan ɗan ne? Da na sani na ja ɗayan ma su yi daidai." Da na kai dutsen da ya lotsa ya sa na maimaita.

Ya ce jan ya zama na karan dafi, kada ka kusanto masa da garin rini na kanti. Fatar sa kuma wajen wuya da gadon baya yake so.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, rawar hannun ƙaruwa take yi. Watan jiya yana sa zare a basilla da kansa, yanzu sai ya gwada sau biyar, kuma ya ƙi a taimaka masa. Da safe ya fi dama, zuwa azahar ko kofi sai da hannu biyu. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, kuma bai san saurinsa ba. Kullum Baffa sai ya jera kayan aikinsa a kan buhu, ya wasa wuƙa, ya mai da su jaka. Ba ya tambaya ko saƙo ya iso, amma in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya gyara zama.

Ban rubuta don in ɗaga maka hankali ba. Na ga ya kamata ka san halin da ake ciki.

Ƙanwarka,
Malama

*

Ƙanwata Malama,

Gaisuwa ga kowa da kowa har akuyar maƙwabta. Muna lafiya. Ki share wuri, ki shimfiɗa tabarma mai kyau, ga kaya nan a hannun Direba. Kwana ashirin da shida daga mahauta zuwa ƙofar gidanku! A tambayi duk majemin da ke cikin ganuwarnan ko wani ya taɓa yi.

Takardarki ta hana ni cin abinci, Uwar yara har ta taɓa goshina. Wurin da kikace yana gyara zama in mota ta tsaya, nan na ajiye na nufi majema. Nace Baffa bazai zauna wata biyu yana jiran mota ba ina raye. Na ninka bagaruwa, buhu biyu na daka da hannuna har tafina yayi kanta. Na dinga ɗumama ruwan, ina juya fatar safe da yamma, ina tattaka ta kamar tayi min laifi. Tsoho Mai Toka yana zaune a inuwa yana cewa, "Kai dogon banza, fata bata jin tsawa." Nace Tsoho zamani ya canza, yanzu har fata tasan sauri. Kwana goma sha tara a bagaruwa na ciro ta. Na yanka gefe na duba, launi ɗaya har ciki kamar dabino. Na nuna masa, ya tofar da yawu ya juya baya. Hassada ce irin ta tsofaffi.

Ita kuwa jar akuyar, Malama, ki wanke hannu kafin ki taɓa. Karan dafi zalla, sau uku na shafa, na goge ta da dutse har ina ganin haƙorana a ciki. Wata mata ta wuce ta tsaya kallo, ta manta bata toshe hanci ba. In kin dunƙule ta zata shige tafin hannunki, in kin saki ta miƙe babu ko alama.

Ki rubuto min duk abinda Baffa yace, kar ki rage ko tari. Zan karanta wa Tsoho a kunnensa mai ji.

Yayanki wanda babu na biyunsa,
Majemi

*

Malama,

Lafiya dai? Mu muna lafiya. Yau kwana ashirin da uku da tafiyar kaya. Sau uku Direba yaje ya dawo, sau uku ina tsaye a tasha kamar an dasa ni. Na farko yace ya miƙa hannu da hannu. Na biyu yace ba a bashi komai ba. Har na fara tunanin ko jikin Baffa ne ya tsananta kuka ɓoye min. Uwar yara tace ƙila kayan ne sukayi kyau har kun rasa bakin godiya. Nace haka ne mana, amma na sake komawa tasha.

Jiya ya miƙo min ambulan. Na taɓa naji ba takarda a ciki. Na buɗe a gaban mutane, don na riga na tara su. Abinda ya faɗo tafina ɗan yankin fata ne, tsawon yatsa, an yanke shi da wuƙa mai kaifin gaske. Ba gaisuwa, ba ko harafi. Mutane sukace menene wannan, nace Baffa ne ya aiko min da lambar yabo, haka manyan dukawa ke yi. Akayi tafi. Nasa a aljihu na taho.

Ke zan gaya wa gaskiya tunda takarda bata da ido. Tun kafin ya gama faɗowa na gani. Daga wuyan san aka yanko, inda fata tafi kauri. Sama ta jemu, ƙasa ta jemu, a tsakiya ga farin layi siriri kamar zare, ɗanye, bagaruwa bata kai can ba. Takalmin da akayi da wannan, ruwan sama ɗaya zai taka ya ƙage kamar ƙaho, sannan ya tsage.

Kuma ba wai ban sani ba. Nace miki na yanka gefe na duba. Wajen ciki na yanka, inda take sirara kamar ganye. Duk majemi yasan a wuya ake dubawa. Ranar da mahaifina ya fara bani wuƙa abinda ya koya min kenan. Na riƙe wuyan nan a hannuna, na sake shi, na koma ciki, don nasan amsar da ciki zai bani. Tsoho ya ganni. Shi yasa ya tofar da yawu.

Na kai masa yankin na ajiye a gwiwarsa, na shirya kunne don zagi. Ya juya shi ya juya, yace, "Hannun da yayi yankan nan wai shine ke rawa?" Sai ya miƙo min yace, "Jeka mahauta." Shi kenan. Wallahi da ya zage ni da yafi min sauƙi.

Naje. Sabuwar fatar sa tana cikin toka yanzu haka. Abu ɗaya nakeso na sani, kuma ki faɗa min ba kwana-kwana: Baffa ya fasa ne? In yace ba sauran wanda ya iya a gidan, ki rubuta haka, zan iya karantawa. Bazan dai tara mutane ba.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya, Baffa ma yana ci yana sha. Ka yafe mini shirun. Sau biyu na ɗauki biro, sau biyu ya hana. Ya ce, "Majemi ba da biro ake masa magana ba." Shi ya yanko, shi ya sa a ambulan, shi ya manne bakin.

Ga yadda aka yi, tunda ka ce kar in rage ko tari. Da aka kwance ƙunshin, jar ya fara ɗauka. Ya shinshina, ya murza, ya naɗe ta a yatsa, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Ya ce, "Wannan hannun ubansa ne. A'a, ubansa bai kai nan ba a ja." Ya sa na kira maigida da maƙwabcinmu tela su zo su gani, yana ta ce musu, "Gidanmu ke nan. Ku taɓa, amma da bayan hannu." Rabon da in ga Baffa haka tun rasuwar Inna.

Sannan ya jawo ta san. Ya lanƙwasa wuyan kusa da kunnensa ya saurara, ya ce in miƙo wuƙa. Ya dafe hannun dama da na hagu ya yanka. Ya duba, ya ce wa baƙin an gode, su tafi. Ranar bai ci abincin rana ba.

Na ce masa laifina ne, ni na rubuta maka zancen hannu da mota. Ya ce, "Ke kin faɗi gaskiya, shi kuma ya ji tausayi. Ita fatar wa ya tambaye ta?" Na ce to ko a sayo ƙasan takalmi a kasuwa, tunda jar ta yi. Irin kallon da ya yi mini, ban sake ba.

Jiya na karanta masa takardarka. Da na kai inda ka ce ka riƙe wuyan ka sake, ya ce in tsaya. Ya ce, "Shi ya faɗa da bakinsa?" Na ce da bironsa dai. Ya ce, "To rubuta. Ban fasa ba. Ya bar ta ta sha har ta ƙoshi. Ko an aiko masa cewa hannuna ya mutu, ko ni ɗin ne gaba ɗaya, kar ya ciro ta ranar da ba ranarta ba. In na iya jira, na jira. In ban iya ba, a ce dai fatar kirki ta fito daga gidan."

Ya ce kuma a gaida Mai Toka, a tambaye shi ko ya tuna wanda ya tura shi ramin kashin tattabaru.

Zancen hannu ba zan ƙara rubuta maka ba sai ka tambaya.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa ga jama'ar gidan Baffa manya da ƙanana. Muna lafiya. Ban tambaya ba, kar ki faɗa.

Ga ta nan, kwana saba'in da ɗaya a bagaruwa. Shirun da kikaji ina gadin rami ne. Na fara mata da ruwa mara ƙarfi, duk sati ina ƙarawa kaɗan, yadda ake ba mai jinya abinci. Waccan da na ninka mata tun farko, bayanta ne ya toshe ya hana cikin sha. Nasan wannan tun ina da gashi a kai, amma Tsoho sai da ya maimaita min kullum kamar gaisuwa.

Kuma ya ƙwace min wuƙa, wallahi. Yasa ta ƙarƙashin buzun da yake zama. Ran talatin ya yanka wuya, layi kamar zare. Ran hamsin, kamar gashi. Nace Tsoho wannan ai sai mai tabarau zai gani. Yace, "Baffanka da kunne ya gano." Na mayar da ita rami bance uffan ba, Uwar yara tace a rubuta ranar a bango.

Ranar da Direba ke isowa na daina zuwa tasha, ita nake aikawa. In ta dawo sai in hangi hannunta daga nesa. In babu takarda sai inji sanyi, kiga yadda duniya ta juya min.

Shekaranjiya Tsoho ya miƙo min wuƙar. Wuya na yanka, wuri uku, rana tsaka, a gabansa. Bazan ce komai ba. Abu ɗaya kawai, ta sha mai, ta bushe a inuwa, in kin ƙwanƙwasa tana amsawa kamar ƙofa. Abu na biyu, babu irinta a garinnan. Shi kenan nayi shiru.

Tsoho yace a gaya wa Baffa ya tuna sarai, har yau in yayi gumi yana jin warin.

Majemi

*

Yaya,

Ta iso, kuma muna lafiya. Maigida ne ya riƙe fatar, Baffa ya yanka. Sai a karo na biyu wuƙar ta zauna. Ya kai yankin bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa, ya juya, ya sa haƙori ya ɗan ciza. Sai ya ce, "Kira tela." Da tela ya zo ya ɗora masa a tafi ya ce, "Nemo mini fari a nan, in ka samu na ba ka gidan." Tela ya duba har ya cire hula. Baffa ya ce, "Ɗanmu ne ya jeme. Kwana saba'in da ɗaya." Duk wanda ya shigo ranar sai ya ji wannan lissafin, har mai gyaran famfo.

Yanzu ga saƙo. Ya ce ka taka takarda a tsaye, a zagaye maka ƙafafunka biyu da biro, ka aiko da gaggawa. Na ce Baffa, ƙafar Yaya kuma? Ya ce, "Wa kike tsammani zan ɗinka wa? Ni ina zan je da sabon takalmi? Wanda ya jeme shi zai taka, tun farko haka na ƙudura." Ya ce ka wanke ƙafar tukuna.

Ƙanwarka

*

Malama,

Ga ƙafafun nan. Takarda ɗaya bata ɗauka ba sai da aka haɗa biyu. Uwar yara ce ta zana, inda layin ya karkace ba ƙafata bace, cakulkuli ne. Ki gaya wa Baffa na karanta takardarki a bakin rami, wani abu ya faɗa min ido, toka ce. Tsoho ma ta faɗa masa, alhali yana can nesa da toka.

Majemi

*

Yaya,

Muna lafiya. Baffa yana nan da ransa, kar gabanka ya faɗi. Ba ka tambaya ba, amma yau dole in faɗa.

Da ya ga zanen ƙafarka ya ce wannan ai kwale-kwale aka ba shi ya ɗinka. Sati biyar ya yi yana aiki, daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da hannun ke ɗan jin magana. Wata rana ɗinki goma, wata rana uku. In ya karkace sai ya warware. Ƙafar hagu ta ƙare tsaf, ja a sama, ɗinkin a jere kamar an auna. Ta dama ya yanka, ya huda duk ramukan, ya yi ɗinki bakwai.

Ran Talata basillar ta faɗi sau uku. A na huɗu ya soka ta a rami na takwas, ya kasa jawo ta. Ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya tattara sauran kayan ya sa a jaka, ya miƙo mini ya ce in rataye a ƙusa. Ya ce, "Na ɗinka da fatar gida. Ya isa." Bai yi kuka ba, ni ce na fita tsakar gida. Ranar ya ci abinci sosai.

Akwai wani baduku a kasuwarmu mai hannu da kyau, na ce ko in kai masa ya ƙarasa, tunda ramukan a hude suke. Baffa ya ce a tambayi mai takalmi. Shi ne na tambaya. Kuma Yaya, kar ka ɗora wa kanka komai.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Baffa, ta bakin Malama,

Baffa ina gaisuwa, na durƙusa har ƙasa duk da gwiwar nan mai ƙara. Malama ki karanta da ƙarfi, kar ki gyara min magana.

Kince kar na ɗora wa kaina komai. Ni ba a koya min lissafi a makaranta ba amma na iya na rami. Kwana ashirin da shida nayi ina gaggawa, ashirin da uku ina jiran yabo. Arba'in da tara kenan. Da kwanakin nan suna hannun Baffa da ya gama ƙafar dama har yayi mata ado. Ƙafar nan ni na cinye ta, na sani, kuma bazan ce toka ce ba wannan karon.

Amma badukun kasuwa kam a'a. Yana iya zama mai hannun zinariya, Allah ya ƙara masa. Ramin da Baffa ya huda ba wanda zai bi ta ciki da zarensa.

Ga abinda zanyi. Ta hagu zan sa ta, in fita tun daga ƙaramar ƙofa har babbar, ƙafa ɗaya ja ɗaya tsirara, ina ɗingishi kamar zakara. Duk wanda yayi dariya in tsayar dashi ya sunkuya ya ƙirga ɗinkin, in gaya masa wa ya ɗinka, wa ya jeme, da kwana nawa. Kafin yamma duk garinnan ya haddace. Ta dama kuma na riga na kafa mata ƙusa a bango saman ramin bagaruwa, daidai inda idona ke faɗawa in na miƙa hannu ga wuƙa. Tsoho yace in ƙara ƙusar sama kaɗan, wai dogon banza ne zai dinga kallo.

Baffa in ka yarda a bar basillar inda ta tsaya, a rami na takwas, da zarenta.

Malama, Direba zai taso daga wajenku ran Asabar. Ki naɗe su a zane mai tsabta, kar kisa a buhu, ki gaya masa ya ɗora a cinya, in ya kuskura yasa a bayan mota ni dashi ne. Ki aiko min da takalmina duka biyun, yadda suke.

Ɗanku,
Majemi